Littafin aikin maɓallin ajiya na ofishin ƙungiyarmu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda na kama kaina ina maimaita kuskuren da na riga na gyara a baya. Daga yau duk abin da na taɓa a kwamfutar ofis zan rubuta shi a nan.

Ga yadda aikin yake. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a nan Argungu tana da tsohuwar kwamfutar tebur guda, na sa mata Ubuntu 22.04 (wani nau'in Linux), da Apache mai fitar da shafi, da PHP 8.1 mai gudanar da shafin, da MySQL mai riƙe rumbun bayanai. A kanta shafin da muke rubuta wa ya karɓi taki buhu nawa, wa ya karɓi man injin ban ruwa, wa ya biya da shanshera bayan girbi yake zaune. Ba ta kan intanet, ƙaramar rauta ce a ofis wayoyinmu da kwamfutar hannu ta sakatare suke shiga ta cikinta. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 mutanenmu suka gane rubutu shi ke raba gardama, don haka ɓatan wannan lissafi ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Abin da ya rage shi ne maɓalli ɗaya a shafin, "Ajiye kwafi", wanda Malam sakatare zai danna kafin ya rufe ofis. Maɓallin zai kira rubutun umarni mai suna ajiya.sh, shi kuma ya kwashe rumbun bayanai da mysqldump, ya matse shi da gzip, ya ɗora a filashi. Idan na gudanar da shi da hannuna a tagar umarni, lafiya lau. Da aka danna maɓalli kuwa, shiru kake ji kamar an shuka dusa. Ba kwafi, ba ƙorafi, farin shafi kawai. Malam ya danna sau uku ya juyo ya ce, "Injiniya, wanga abu naka bai yi komi ba hwa." Na ce a ba ni zuwa gobe.

Talata, 14 ga Janairu

Shirun laifina ne. Na yi amfani da shell_exec, wanda yake dawo da abin da umarni ya faɗa ta ƙofar gaba kawai, koke-koken kuma ta wata ƙofa daban suke fita su faɗa /var/log/apache2/error.log, inda ban leƙa ba. Na koma exec, na ƙara 2>&1 a ƙarshen umarnin don a haɗa ƙofofin biyu, na sa ya nuna lambar da umarnin ya fita da ita. Sai ga magana: Permission denied, lamba 126. Ita 126 ma'anarta an ga fayil ɗin amma an hana gudanar da shi. Ƙanwarta 127 kuma ita ce ba a ma gan shi ba.

Na sa shafin ya gudanar da whoami, umarnin da ke faɗin sunan asusun da ke aiki. Amsa: www-data. A nan kan zaren yake. Ni idan na zauna gaban kwamfutar da asusuna nake aiki, amma Apache a Ubuntu da Debian da wani asusu yake aiki mai lamba 33, wanda ba shi da kalmar sirri, ba a kuma shiga kwamfuta da shi. Duk abin da aka danna a burauza, shi ake aika, ba ni ba. A cikin kwamfutar da na haɗa da hannuna, shi baƙo ne, kuma da gangan aka mai da shi baƙo, don idan wani ya yaudari shafin ya kasance baƙo ya yaudara, ba mai gida ba.

Da na duba da ls -l sai na ga -rw-r--r--, wato 644. Lissafin mai sauƙi ne: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1, a tara wa mai fayil, a tara wa rukuninsa, a tara wa sauran jama'a. Babu 1 ko'ina a 644. Ashe duk kwanakin nan "bash ajiya.sh" nake rubutawa, shi kuwa bash karanta fayil ɗin kawai yake buƙata, shi ya sa ban taɓa lura ba. Na yi chmod 755 ina murmushi. Na danna. Permission denied, 126, kamar ban yi komai ba. Aka kira magariba na tashi.

Alhamis, 16 ga Janairu

Jiya ban zo ba, muna dashe a fadama. Yau na zo da ɗan yayata da yake koyon aikin a wurina. Da ya ji labari bai ɓata lokaci ba: "Kawu, a yi 777 mana a huta." Wato a ba kowa duk izinin uku. Na ce ya bari tukuna.

Umarnin da ya warware mini shi ne namei -l, wanda yake bin hanyar fayil tun daga tushe yana nuna izinin kowace folda. Fayil ɗin yana cikin foldar gidana a /home, ita kuwa drwxr-x--- ce, 750. Tun daga Ubuntu 21.04 haka ake ƙirƙirar foldar gida ga sabon asusu, a rufe ga sauran jama'a. A tsofaffin fitowa 755 ce, shi ya sa yawancin bayanan da mutum zai tarar ba sa ambaton wannan tarko.

Na yi wa yaron bayani da gidan kakarsa. Harafin x a kan fayil izinin gudanarwa ne, amma a kan folda izinin wucewa ne. Ka buɗe ƙofar ɗaki wangale ka ce baƙo ya shiga ya ɗauko tabarma, alhali zaure a kulle, ina amfanin buɗe ɗakin? Kafin www-data ya kai ga ajiya.sh sai an bar shi ya ratsa kowane zaure da soro da ke kan hanya. Ɗaya ya hana, magana ta ƙare. Kuma ko an yi 777 a kan fayil ɗin, zauren dai yana nan a kulle.

Ina iya buɗe foldar gidana, amma a ciki akwai makullan SSH nawa da takardun da ba na ƙungiya ba. Garin neman gira ba zan rasa ido ba. Sai na fitar da kayan zuwa inda baƙo ke iya zuwa: na mayar da fayil ɗin /usr/local/bin, mai shi root, wato babban asusu mai iko da komai, izini 755. Kowa na iya karantawa da gudanarwa, root kaɗai ke iya canza abin da ke ciki. Wannan na ƙarshen shi ne abin da 777 ke rusawa. Idan www-data na iya rubutu a cikin umarnin da shi kansa yake gudanarwa, to duk wanda ya samu ƙaramar kafa a shafin ya samu damar rubuta wa kwamfutar abin da ya ga dama. Yaron ya ce ai ba ma kan intanet. Na tambaye shi mutum nawa ne suka san kalmar sirrin rautar ofis. Ya fara ƙirge da yatsu, ya kai ga mai shayin bakin titi, ya daina.

Na kuma koyi gwadawa ba tare da burauza ba: sudo -u www-data sannan umarnin, wato a gudanar da shi a matsayin www-data. Da na san wannan tun Litinin da na huta da rabin wahala.

Asabar, 18 ga Janairu

Ana wata ga wata. Daren jiya na gyara layi biyu a kwamfutar Malam mai Windows, na dawo da fayil ɗin yau da safe. Maɓalli ya ce not found, lamba 127, ga fayil kuma ina kallonsa da idona. Da na kira shi kai tsaye a bash sai ya fi fitowa fili: /bin/bash^M: bad interpreter. Windows yana rufe kowane layi da alamomi biyu, Linux da ɗaya, sai ragowar ta manne a layin farko, kwamfuta ta tafi neman wani shiri mai suna bash da wutsiya, wanda babu shi. PHP kuma ta /bin/sh yake aika umarni, wanda a Ubuntu dash ne, shi kuwa dash ba ya dogon bayani. Abin da bai gani ba shirin da zai karanta rubutun ne, wato bash mai wutsiyar nan, ba fayil ɗin ba. dos2unix ya share matsalar cikin daƙiƙa. Ba ruwan izini a wannan, amma ya ci mini hantsi guda.

Bayan haka maɓalli ya dawo da 0, lambar nasara. Na ce da Malam an gama. Na yi saurin baki.

Laraba, 22 ga Janairu

Kafin a kai ga filashi na sa rubutun ya fara ajiye kwafin a /tmp don in duba. Na shiga /tmp, wayam. Na sake dannawa, lamba 0, /tmp wayam. Sai da na bincika da find a matsayin root na gano shi can cikin wata folda mai dogon suna da ya fara da systemd-private. Ubuntu yana tayar da Apache da saitin PrivateTmp, wato ana ba shi nasa /tmp na kansa, wanda yake gani daban da wanda nake gani. Na daina amfani da /tmp, na buɗe /var/backups/kungiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali girman fayil ɗin ne: bayit 20. Wannan shi ne girman abin da gzip ke fitarwa idan ba a ba shi komai ba. Kwana huɗu Malam yana danna maɓalli yana tafiya gida da kwanciyar hankali, buhun da muke ɗaurewa ba ko tsaba ɗaya a ciki.

Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko, mysqldump yana ɗaukar kalmar sirri daga .my.cnf da ke foldar gidana, www-data kuwa ba ya zuwa can, hasali ma fayil ɗin /etc/apache2/envvars yana goge HOME tun kafin Apache ya tashi. Sai MySQL ya ce Access denied. Na biyu, idan aka jona umarni biyu da bututu, lambar na ƙarshe ake dawowa da ita. mysqldump ya faɗi, gzip ya matse iska ya ce ya yi nasara. Na sa set -euo pipefail a saman rubutun, yanzu duk wanda ya faɗi a layin za a ji ƙararsa. Na ƙara sharaɗi kuma: idan kwafin bai kai wani girma ba, shafin ya nuna jan rubutu.

Na gaya wa Malam gaskiyar abin da ya faru. Bai ce komai ba, sai ya jawo babban littafinsa mai baƙin bango daga aljihun tebur ya ɗora a gabansa. Na fahimci saƙon.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau ce ranar da ta fi kowace tsawo, kuma ita ce ta canza tsarin gaba ɗaya.

Tambayar ita ce a ina zan ajiye kalmar sirrin da za a kwashe rumbun da ita. Idan na ba www-data ita, na kuma ba shi izinin rubutu a foldar ajiya da filashi, to baƙon nan ya tara makullai da yawa: yana iya yin kwafi, yana kuma iya goge duk kwafin da aka taɓa yi. Ajiyar da shafin zai iya gogewa ba ta tsare mu daga ɓarnar shafin ba.

Na fara gwada gajeriyar hanya, chmod u+s, alamar setuid da ke sa shiri ya gudana da ikon mai shi maimakon ikon wanda ya kira shi. Dennis Ritchie na Bell Labs ne ya ƙirƙiro dabarar, har aka ba shi takardar mallakar fasaha a kanta a 1979, kuma da ita passwd ke iya canza maka kalmar sirri ba tare da kai root ba ne. Sai dai Linux ba ya kula ta a kan rubutun umarni irin nawa, sai a kan shirye-shiryen da aka riga aka harhaɗa. Harafin s ya fito a ls -l tsaf, amma whoami na nan yana cewa www-data. Na cire shi.

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauki hanya mai tsawo. Na ƙirƙiri sabon asusu mai suna ajiya, ba shi da aikin komai sai wannan. Kalmar sirrin rumbun tana cikin /etc/kungiya/ajiya.cnf, mai shi ajiya, izini 600, kuma asusun MySQL ɗin karatu kawai aka ba shi. Rubutun yana nuna wa mysqldump fayil ɗin da --defaults-extra-file, wanda dole ya zama shi ne zaɓi na farko a layin, in ba haka ba ya ƙi. Na ƙara --no-tablespaces saboda sababbin fitowar MySQL 8 suna neman ƙarin iko idan babu shi. Sannan layi ɗaya a sudoers, inda ake rubuta wa sudo wanda ya halatta ya gudanar da me a matsayin wa:

www-data ALL=(ajiya) NOPASSWD: /usr/local/bin/ajiya.sh ""

Ma'anarsa www-data na iya cewa ajiya ya gudanar da wannan fayil guda, ba a matsayin root ba, kuma alamomin zance biyu na ƙarshe sun hana a liƙa masa wani ƙarin bayani a baya. Baƙo ya yi sallama daga zaure, ɗan gida ya shiga ya yi aikin.

Bai yi aiki a karon farko ba. sudo ya dage yana cewa a terminal is required to read the password, kamar ban rubuta komai ba. Kusan awa guda ina karanta layin nan harafi-harafi. Ashe sunan fayil ɗin ne: na sa masa ajiya.conf a cikin /etc/sudoers.d, shi kuwa sudo yana tsallake duk fayil ɗin da ke da ɗigo a sunansa a wannan folda, ba tare da ya ce uffan ba. Na mai da sunan ajiya kawai, izini 440, na duba da visudo -c. Ya wuce.

Alhaji shugaban ƙungiya ya shigo ana cikin haka, ya tsaya a bayana yana kallon allo. Ya ce, "To shi wanga www-data da kuke ta kira, ɗan wane ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan aike ne, ba a ba shi makullin sito." Ya ce haka ya kamata, ya wuce.

Talata, 28 ga Janairu

Filashi. Idan aka soka ta alhali ina ciki, kwamfutar tana ɗaura ta a ƙarƙashin /media da sunana, ni kaɗai ke da hanya. Idan ba wanda ya shiga, ba ta ɗauruwa sam. chmod da chown kuma ba sa kama ta, domin FAT32 ce, tsarin da bai san mai fayil ko rukuni ba. Izinin da ake gani a kanta aro ne da ake yafa mata lokacin ɗaurawa.

Don haka a can na gyara. Na sa layi a /etc/fstab, jerin faifan da kwamfutar ke ɗaurawa, da UUID ɗinta, wato lambar shaidarta, a ɗaura ta a /mnt/ajiya da uid=ajiya, gid=ofis, umask=027, da nofail don kada kwamfutar ta tsaya cak wajen tashi idan an zare ta. Rukunin ofis ni ne da ma'aji. A /var/backups/kungiya kuma na sa 2750. Wannan 2 ta gaba tana sa duk sabon fayil ya gaji rukunin foldar, na kuma sa umask 027 a cikin rubutun don kwafin ya fito 640. Ma'aji ya gwada ya ce an hana shi. Sai da ya fita ya sake shiga, saboda sabon rukuni ba ya hawa kan zaman da aka riga aka buɗe.

Wani abu da ban shirya ba ya yi mini daɗi. Na zare filashin na danna maɓalli don in ga abin da zai faru. Tsorona shi ne rubutun ya zuba kwafin a cikin foldar /mnt/ajiya da ke kan faifan kwamfutar ya ce ya gama. Sai ga Permission denied, domin foldar idan ba komai a ɗaure a kanta ta root ce, ajiya ba ya iya rubutu a ciki. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Karo na farko cikin mako biyu da na ga kalmomin nan na yi hamdala. Duk da haka na ƙara mountpoint -q don Malam ya ga saƙon Hausa, "Ba a soka filashi ba", maimakon Turancin da zai sa ya kira ni da dare.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

An ɗauke wuta ranar Alhamis ana tsakar kwafi, batirin inbata kuma ya riga ya gaji, sai aka bar rabin fayil mai suna irin na lafiyayye. Yanzu rubutun yana fara rubutawa da sunan wucin gadi, sai ya kammala ya duba da gzip -t sannan ya canza suna, ya kira sync. Na sa flock kuma don kada kwafi biyu su gudana lokaci guda, saboda Malam idan ya ga shafi ya yi jinkiri sake dannawa yake yi.

Na ɗauki kwafin jiya na zuba a wani rumbu na gwaji, na zaɓi sunaye goma na kwatanta da baƙin littafin Malam. Sun dace, har da wanda ya biya rabi da kuɗi rabi da shanshera.

Da na ga ina da sauran lokaci sai na gudanar da find /var/www -perm -002 don ganin ko akwai abin da kowa ke iya rubutu a ciki. Foldar hotunan mambobi ta fito, 777, da duk abin da ke cikinta. Na kira ɗan yayata. Ya ce tun watan jiya ne, hoto ya ƙi hawa, ya yi haka ya hau. Ban yi masa faɗa sosai ba, ni ma na taɓa yi a shekarun baya. Na sa shi ya gyara da hannunsa: foldar ta koma ta www-data da 750, hotuna 640, sannan muka hana PHP gudana a cikinta daga saitin Apache, tunda nan ne kaɗai wurin da baƙo ke da izinin ajiye kaya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kwana uku a jere maɓalli yana aiki, girman kwafin yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan yadda ya kamata tunda ana ta rubuta rabon taki.

Abu biyu ne a gabana. Na farko, ina tunanin cire sudo ɗin ma gaba ɗaya: maɓalli ya ajiye ƙaramin fayil na buƙata a wata folda, cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, na asusun ajiya ya riƙa leƙawa duk minti ɗaya, ya kuma yi kwafi da kansa kullum ƙarfe biyar ko an danna ko ba a danna ba. Illarsa Malam ba zai ga sakamako nan take ba, shi kuwa mutum ne mai son ganin koren rubutu kafin ya sa kwaɗo. Zan tambaye shi.

Na biyu ya fi damuna. Yau ma'aji ya zare filashin ya soka a kwamfutarsa ta Windows don ya gwada, komai ya buɗe ba tambaya. Duk 640 da 027 da na sha wahala a kansu a bakin ƙofar ofis suke tsayawa. Filashin da ta faɗi a kasuwa tana ɗauke da sunaye da lambobin waya da bashin kowa. Zan sa gpg ya kulle kwafin kafin ya hau filashi, da makullin fili a kwamfutar ofis, na sirrin kuma a wani wuri daban. Wurin wa zai zauna, ni ko ma'aji ko Alhaji, wannan ba hukuncina ba ne, na sa shi a ajandar taron ranar Asabar. Ina so a gama kafin azumi ya kama a farkon Maris, lokacin da ofis ke rufewa da wuri.

Na sayo filashi ta biyu. Ban sa UUID ɗinta a fstab ba tukuna.